Kunyar 'Yar Fari

Kunnena na hagu ba ya ji. Duk wanda ya zauna da ni ya san haka, domin in za a yi hira sai na zagaya na ba mutum gefen dama. 'Yan ajina a firamaren da na koyar sun gano wannan da wuri, shaiɗanun yara, sai masu surutu su yi ta rububin bencin da ke hagu da ni. Shekaru da yawa, in aka tambaye ni me ya sami kunnen, amsata ɗaya ce, daga bishiyar mangwaro na faɗo. Ni kuwa ban taɓa hawa mangwaro ba a rayuwata. Goggo ce ta shirya wannan amsa ta ba mai kemis, ni kuma na ɗauka na yi ta yawo da ita har na girma. Yanzu na daina faɗinta. Mari ne.

Nakan ji masu ilimi a rediyo suna maganar binciken da ake yi kan yaran da ake zalunta a gidaje, wai ana so a san yawansu, a kuma san abin da dukan yake bar musu in sun girma. Allah ya taimake su. Ni nawa binciken a gidajen biki na yi shi, wurin ƙunshi, inda mata ke naɗe hannun riga su miƙe ƙafa a sa musu lalle. A nan za ka ga tabon cokali mai zafi a bayan hannu, ka ga yatsan da ya karye ya ɗore a karkace, kowace kuma da irin tata bishiyar mangwaron. Wata ta ce kaskon suya ne, wata ta ce ƙofa ce ta datse ta. Mukan yi dariya mu wuce. Ban san adadi ba, amma na san ban taɓa zama a taron mata na rasa 'yar'uwa ba.

Ni 'yar fari ce. An haife ni a Unguwar Shanu, a gidan haya mai ɗaki-ɗaki, inda Babana kafinta yake da ciki da falo, da rumfar aikinsa a ƙofar gida. Ranar suna ya sa mini sunan mahaifiyarsa wadda ta rasu tun yana ƙarami, da wannan kuwa ya ɗaure bakin Innata sau biyu. Na farko, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Na biyu, sunan surukarta ne, ko a mafarki ba za ta furta shi ba. Inna kuwa a wajen kunya ba ta da na biyu, matan gidan har misali suke yi da ita. “Ke” take ce mini, in kuma tana maganata da wani sai ta ce “waccan”.

Goggo yayar Baba ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta kai shi koyon kafinta, ita ta tsaya a kan aurensa, saboda haka in tana magana hularsa ma gyara ta yake yi. Mijinta babban ma'aikacin gwamnati ne, suna zaune a Unguwar Rimi, gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da bishiyoyin mangwaro da Fijo a gareji. 'Ya'yanta duk maza ne, sun kama hanyar makarantar kwana. Da lokacin yaye ni ya yi, ta zo ta ɗauke ni yadda aka saba, a kan zan yi mako guda a wajenta in manta da nono a dawo da ni. Makon nan bai ƙare ba sai ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ba wanda ya yi mamaki. 'Yar fari dama ba ta uwarta ba ce, kuma wace mara kunyar ce za ta buɗe baki ta ce a dawo mata da ita?

Ba zan yi wa Goggo ƙarya ba. Ta ciyar da ni, ta sa ni makaranta mai kyau, na sa takalmi sau ciki da safa lokacin da ƙannena a Unguwar Shanu suke fama da silifas mai ɗinki. In baƙi sun zo, matan manya masu ƙamshin turare, sai ta jawo ni jikinta ta ce, “Ga Uwata nan, ita ce mai gidan.” Tunda sunan mahaifiyarta gare ni, haka take kirana a gaban jama'a, su kuma su yi ta sa mata albarka suna cewa zumunci sai Hajiya. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina lissafin abin da na yi ba daidai ba tun shigowarsu, domin na san da zarar maigadi ya rufe ƙofa za a karanto mini shi.

Akwai wani tsohon dutsen guga da ya lalace a farkon shekarun tamanin, aka yar da shi, amma Goggo ta cire wayarsa ta ajiye. Tana rataye a bayan ƙofar kicin. Laifina ba ya ƙarewa. Na bar kumfa a kofi, na kalli baƙo cikin ido, na ci abinci da sauri kamar 'yar Unguwar Shanu, na yi fitsarin kwance. Wannan na ƙarshen shi ne babba, kuma duk ranar da aka dake ni a kansa sai na sake, in na sake a sake dukana, haka muka yi ta zagaye har na kusa gama firamare. Kafin ta fara, sai ta je falo ta ƙure muryar rediyo. Yawanci da la'asar ne, lokacin da ake gaishe-gaishe, wani yana gai da masoyiyarsa a Kawo, wata tana gai da ƙawayenta, ni kuma ina birgima a simintin kicin. Har yau in aka ƙure rediyo a kusa da ni, tafin hannuna zufa yake yi. Mijin Goggo kuwa, Alhaji, mutumin kirki a bakin kowa, yana zaune a baranda da jaridarsa. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai kuma taɓa ajiye jaridar ba.

Mutane suna ganin gida mai katanga su yi sha'awa. Ni na san abin da katanga take yi. Wata Sallah aka kai ni Unguwar Shanu yawon gaisuwa, na tarar ƙanena ya fasa wa Baba gilashin wani kabad da aka ba shi aiki. Baba ya zaro tsumagiya, ya zuba masa sau biyu, yaron nan ya kwarara ihu kamar ana yanka shi. Kafin ta uku ta sauka, tsohuwar ɗakin ƙarshe ta fito zani a hannu, tela ya tsallako daga shagonsa, mai ƙosai ta bar kaskonta, kowa yana a yi haƙuri Malam, a bar shi ya ci albarkacinmu. Tsohuwar ta ƙwace tsumagiyar ta jefa kan kwano, ta ja yaron ɗakinta, ya fito yana taunar gyaɗa. Na tsaya a cikin leshina mai tsada ina kallonsa, hassada kamar ta kashe ni. Ban taɓa sanin ana iya dukan yaro wani ya zo ba.

Ran nan ne na ƙi shiga mota. Da yamma ta yi direba ya zo da Goggo, na rungume ƙofar ɗakin Inna na ce ni a nan zan kwana. Matan gida suka yi ta dariya, wai 'yar gayu ta ga gidan talakawa ta yi sha'awa. Inna tana tsugune tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Baba ne ya ɓamɓare yatsuna ya kai ni mota da kansa. Da muka isa gida, Goggo ta cire mayafinta ta ninke, sannan ta juyo. Ba ta ma tsaya neman wayar ba. Na ji kamar an fasa kwalba a cikin kaina, daga nan sai wani dogon ƙara, da safe kuma matashina ya ɓaci da jini. Da kunnen ya fara ruwa aka kai ni kemis, a can aka haifi labarin mangwaro.

Na taɓa gwada gaya wa Inna. Ana sunan ƙanwata ta ƙarshe, na faki idon mutane na bi ta bayan ɗaki inda ake ajiye tukwane. Na ce, “Inna.” Ta juya mini baya ta shiga gyaran murfin tukunyar da ba abin da ya same shi, ta ce, “Ke, jeki wajen Goggonki.” Wata mata da ta gani ta je ta ba da labari, aka yi ta yaba kunyar Inna, wai 'yarta ta zama budurwa amma har yanzu ko kallonta ba ta yi. Daga baya ƙanwata mai bi mini ta kawo mini tsoka biyu a ganye, ta ce Inna ta ce a ba waccan. Na cinye naman ina kuka, ina kuma jin haushinta fiye da na Goggo. Goggo ba ta haife ni ba. A ranar na yanke cewa Inna ba ta so na, na kuma zauna a kan haka shekaru masu yawa.

Na gama kwalejin horar da malamai, na fara koyarwa, na yi aure a farkon shekarun casa'in. Goggo ta yi mini kayan ɗaki na gani na faɗa, ta yi kuka ranar kai amarya har ana riƙe ta. Mijina malamin sakandare ne, mutum mai sanyin hali, maraya ta wajen uwa, muka kama haya a Unguwar Sarki. A satin farko ya miƙa hannu zai ɗauko hularsa daga ƙusar da ke saman kaina, sai ya gan ni na dunƙule a ƙasa na rufe kai da hannu biyu. Ya tsaya da hula a hannu ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ƙadangare na gani. Bai yarda ba, amma bai matsa ba, daga ranar dai ya sauya wa hular wuri.

Cikina na farko ya zo daidai da shekarar da Goggo ta sake zuwa aikin hajji, saboda haka wankan jego ya faɗo kan Inna. Haka na koma Unguwar Shanu da jaririyata mace, na kwana a ɗakin da ban taɓa kwana ba tun ina shan nono. Da sassafe Inna takan tafasa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, ta kai banɗaki, in zauna a kujera 'yar tsugune ta riƙa tsoma ganyen tana fyaɗa mini. Ranar farko na sauke zani na juya mata baya. Na ji ta tsoma ganyen, na ji ruwa yana ɗiga daga jikinsa, amma bai sauka ba. Bayana ba abin kallo ba ne. Waya ba ta barin tabo irin na tsumagiya, nata siriri ne mai lanƙwasa, kuma nawa sun hau kan juna tun daga kafaɗa har ƙugu. Muka daɗe a haka, har tururin ya fara raguwa. Can sai na ji yatsanta ɗaya ya bi layi ɗaya a hankali. Na jira ta yi tambaya. Ba ta yi ba. Ta ce ruwa zai huce, ta ci gaba da wankan, haka kuma muka yi ta yi har na yi arba'in, ba ta ce ba, ban ce ba.

Ni ma fa an so in yi kunyar 'yar fari, na kuma gwada. In mutane suna nan sai in ajiye yarinyar in yi kamar ban san da ita ba, tana kuka ina kallon bango. Da mun koma Unguwar Sarki na rufe ƙofa kuwa sai in rama, in yi ta kiran sunanta ina yi mata rawa har maƙwabciyata ta leƙo ta ce malamar makaranta dai ba ta da ta ido. Na ce mata eh, boko ne ya lalata ni. Yarinyar ta taso da surutu da ƙiriniya, ba ta san tsoron hannu ba. In ka ɗaga hannu a gabanta, ɗauka take tsammani, sai ta miƙo nata.

Tana dab da shekara biyu saƙon Goggo ya iso ta bakin Baba. Wai an sa ranar Juma'a, za ta zo ta ɗauki jikarta yaye, ta riga ta sa an yi rubutun yaye, ta sayi riguna. Tunda mijina ba shi da uwa, ita kuma ta riƙe ni, ai ba wanda ya fi ta cancanta. Na ce wa mijina ba za ta je ba. Ya ce mako guda ne fa, kar mu jawo abin magana a dangi. Na ce masa ni ma mako guda aka ce. Daga nan na zaunar da shi na ba shi labarin ƙadangaren nan tun daga farko. Da na gama, ya ce yana bayana, amma shi suruki ne, ba zai iya tsayawa gaban Baba ya yi musu ba. Ban ji haushinsa ba. Na aika aka ce wa Baba a yi haƙuri, zan yaye ta a ɗakina. Amsar da ta dawo ita ce in zo Unguwar Shanu ranar Juma'ar, ni da yarinyar.

Na je. Da na ga Fijon Goggo a ƙofar gida, sai na gyara goyona na shiga. An sauko daga masallaci, Baba yana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki da farar rigarsa, Goggo a kan kujerar roba da jakar kayan yarinya a gefenta, ta ƙara ƙiba, hannu duk awarwaro. Inna tana can gefe wajen murhu, ta hagu da ni, tana tsince shinkafa. Matan gidan kowace ta sami aikin da zai ajiye ta a tsakar gida, har da mai wanke kwanon da aka riga aka wanke. Na durƙusa na gai da kowa. Goggo ta washe baki ta ce, “Uwata, kawo mini kishiyar tawa.” Ta miƙo hannu.

Ban kwance goyon ba. Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri, ba za ta je ba.”

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ce in sauke yarinya in ba yayarsa. Na sake cewa ba za ta je ba. Sai ya fara faɗa a hankali, irin na wanda ba ya so maƙwabta su ji alhali duk suna tsaye. Ya ce wace irin fitsara ce wannan, 'yar fari guda, ina maƙale da ita a gaban iyayena ko kunya ba na ji. Ya ce ita Innata da ta ba da ni, ba ta da zuciya ne? Goggo ta karɓe, ta lissafo makaranta da takalma da gado da kabad, ta ce ita ta mai da ni mutum, da ta bar ni a gidan nan da yanzu ina tallan goro. Ta ce a tambaye ni abin da ta rage ni da shi.

Na kwance goyon, amma ba don in miƙa ba. Na juyo da yarinyar gabana na rungume ta, na sumbaci goshinta, na kira ta da sunanta da ƙarfi yadda har tela zai ji daga shago. Wata daga cikin matan ta ce a'uzubillahi. Na ce, “Baba, 'yata ce, ina son ta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Goggo ba ta rage ni da komai ba sai kunne ɗaya da fatar baya. Wayar dutsen guga tana nan a bayan ƙofar kicin ko an yar? Wannan yarinyar ba za ta san amsar ba.”

Goggo ta miƙe. Ban san tana da sauran wannan saurin ba. Ta ɗaga hannu, ni kuma, uwar 'ya, malamar makaranta, mai bakin da ya gama magana yanzun nan, sai ga ni a durƙushe na dunƙule a kan yarinyar na rufe kai. Jikina bai nemi shawarata ba. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai a ranar, har yau kuma in na tuna sai na ji zafinsa. Ina nan a dunƙule ina jiran saukar hannun, yarinyar tana dariya a ƙarƙashina tana tsammanin wasa ne.

Hannun bai sauka ba. Na ji ƙarar faranti ya faɗi, shinkafa ta watse har gabana. Da na ɗago sai na ga Inna a tsaye ta hagu da ni, bakinta yana motsi, tsakar gidan kuma ya yi tsit, mai wanke kwano ta tsaya da soso a hannu, Baba ya saki baki. Ban ji abin da ta fara faɗa ba. Na dai juyo da kunnen dama na tsinci sauran. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ko a kan kaza ba, tana kallon Goggo ido cikin ido tana cewa, “Yaya, ni na yi mata wankan jego. Na ga bayanta. Na ba ki ita da fata lafiya lau. Na yi shiru saboda kunya, kunyar nan kuwa ba ta amfane ni da komai ba. Wannan ba za a kai ta ko'ina ba, in yaye ne a kawo mini ita nan da rana, da yamma uwarta ta ɗauki abarta.”

Baba ya ce, “Ke ma?” Inna ta ce ita ma. Ya kalli yayarsa, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma. Ina jin ranar ya fara sanin abin da ya ɓamɓare yatsuna ya mai da ni gare shi, amma ba zan ƙirƙira masa maganar da bai yi ba. Goggo ta ce an haɗa baki an ci mutuncinta a gidan ƙanenta, ta ce daga yau ba ita ba mu. Ta ɗauki jakarta ta fita, kwalbar rubutun tana leƙowa daga ciki. Baba ya bi ta har mota yana ba ta haƙuri. Ta cika alkawarinta kuwa, shekaru ba ta taka gidana ba, dangi suka rabu biyu a kaina, wasu har yau suna kirana mara kunya. Na karɓi sunan, ya fi mini wanda ake kirana da shi a gaban baƙi.

Bayan motar ta tashi, matan gida suka watse sumui-sumui, kowace tana ɗokin zuwa ta ba da labari. Inna ta tsuguna tana tattara shinkafar da ta zube, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kunyar ta dawo mata gaba ɗaya. Tsohuwar ɗakin ƙarshe, wadda ta taɓa ƙwace tsumagiya, tana nan da ranta a lokacin, ta dafa kafaɗata ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, wai Inna da bakinta ta kira sunana, sunan surukarta, a gaban mijinta da yayarsa, kafin ta ce komai. Ashe abin da ya sa gidan ya yi tsit ke nan. Kowa ya ji, har mai ƙosai a waje, ban da ni.

Na saɓa yarinyar a kafaɗa na je na tsaya a kan Inna. Na ce, “Inna, an ce kin kira ni.” Ta ce in tafi in ba ta wuri, aiki take yi. Na ce ba inda za ni. Na ce, “Ta hagu kika tsaya, kin kuwa san wannan kunnen ba ya ji. Tun da aka haife ni nake jira, ba zan yarda a ce kowa ya ji ban da ni ba. Ki zagayo ki sake.” Ta ce Allah ya shirye ni, ban da kunya ko ta ƙwayar gero. Na ce na sani, yanzu aka gama faɗa.

Ta daɗe tana tsintar shinkafar nan ƙwaya-ƙwaya. Sannan ta ajiye farantin, ta goge hannu a zaninta, ta miƙe ta zagayo ta damana. Ta kasa kallona, sai ta kalli jikarta, ta gyara mata ɗankunne. Ta matso da bakinta dab da kunnena, har ina jin ƙamshin hayaƙin murhu a mayafinta, ta faɗi sunan a hankali, ta kuma sake faɗa ba tare da na roƙa ba.

Na ce, “Na'am, Inna.”